Kofin Kunun da Ya Bi Yara Har Girmansu: Nazarin Abin da Ya Faru a Ƙauyuka Huɗu na Gwatemala

A shekarar 1969 aka buɗe wasu ɗakunan rabon abin sha a ƙauyuka huɗu da ke gabashin ƙasar Gwatemala, cikin lardin El Progreso, yanki mai zafi da ƙarancin ruwan sama inda jama'a ke rayuwa a kan noman masara da wake. Sau biyu ake buɗe ɗakunan a rana, da hantsi da kuma wajen la'asar, ba Asabar ba Lahadi, kuma duk wanda ya shigo, babba ko yaro, za a miƙa masa kofi kyauta, in ya shanye ya nemi ƙari a ƙara masa. A ƙauyuka biyu, Conacaste da San Juan, abin da ke cikin kofin kunu ne mai ɗumi da kauri wanda mutanen ƙasar ke kira atole. A sauran biyun, Santo Domingo da Espíritu Santo, ruwan zaƙi ne mai sanyi da ɗanɗanon 'ya'yan itatuwa, ana ce masa fresko. A gefe guda akwai ma'aikaci riƙe da takarda. Idan mai ciki ce ta sha, ko mai shayarwa, ko yaron da bai wuce shekara bakwai ba, sai a rubuta suna da yawan kofin da aka bayar, sannan a auna ragowar da aka bari a gindin kofi a cire ta daga lissafi. Haka aka yi ta yi kullum har zuwa 1977, shekara takwas cur, kuma yara 2,392 ne suka shiga wannan rajista.

Tambayar ko abin da jariri ya ci yana bin sa har girma tsohuwar tambaya ce, kuma kowace uwa tana da amsarta. Kawo hujja a kanta ne ke da wuya, domin gidan da ke iya ba yaro ƙwai da madara shi ne dai gidan da ke da ruwa mai tsabta da kuɗin magani da kuɗin makaranta, saboda haka idan yaron ya girma ya fi tsararsa, ba a iya cewa ga takamaiman abin da ya ɗaga shi. A waɗannan ƙauyuka kuwa ba arzikin gida ne ya raba yara ba, ƙuri'a ce ta tsayar da garin da zai sha kunu da garin da zai sha ruwan zaƙi, sannan aka bi sawun yaran na kusan shekara hamsin. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a dube shi da kyau.

Yadda aka faro

Cibiyar da ta ɗauki nauyin aikin ita ce INCAP, cibiyar nazarin abinci mai gina jiki ta ƙasashen Amurka ta Tsakiya da Panama, wadda aka kafa a 1949 a birnin Gwatemala, kuma Ba'amurke Nevin Scrimshaw ne shugabanta na farko. A wancan zamani masana sun tsaya kai da fata a kan cewa babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta ita ce rashin furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da madara da wake. Tushen wannan fahimta yana Afirka ta Yamma. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara, cikin ƙasar Gana ta yau, a farkon shekarun 1930, ita ce ta bayyana wa duniyar likitoci ciwon da ke kumbura ƙafafun yaro ya sauya masa launin gashi, ta kuma kira shi da sunan da 'yan ƙabilar Ga na yankin suke kiran sa, kwashiyoko, ciwon yaron da aka cire daga nono saboda an yi masa ƙane. Duk wanda ya taɓa ganin yaro mai tamowa bayan yayen gaggawa ya san abin da take nufi.

Don cike wannan giɓi ne wani masanin cibiyar, Ricardo Bressani, da abokan aikinsa suka haɗa wani gari mai araha daga masara da angurya, suka ƙara masa bitamin, suka sa masa suna Incaparina. Anguryar da mu a nan muka fi sani a matsayin abincin shanu tana ɗauke da furotin mai yawa, sai dai dole a sarrafa ta a rage wani guba da ke cikinta kafin mutum ya ci. Da wannan gari, haɗe da madarar gari wadda aka cire wa mai da kuma sukari, ake dama atolen binciken.

Yaran ƙauyukan ba su rasa nono ba. Iyayensu mata suna shayar da su fiye da shekara guda, wasu har kusan biyu. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da nono shi kaɗai ya daina isar yaro, domin abin da ke jiran sa a gida bai wuce gutsuren gurasar masara da ake jiƙa masa a romon wake, da ruwan gahawa mai sukari ba, ga kuma gudawa da ke zuwa tana komawa. Sa'ad da aka fara awo, kusan kashi 45 cikin ɗari na yara 'yan shekara uku sun yi mummunar tsumburewa, wato tsayinsu ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ake tsammani ga shekarunsu.

Daga cikin ƙauyuka kusan 300 da aka duba aka zaɓi huɗu masu kama da juna, biyu manya masu mutum kimanin 900 kowanne, biyu ƙanana masu kimanin 500. An haɗa babba da babba, ƙarami da ƙarami, aka jefa ƙuri'a. Kofi ɗaya na atole, mai cin mililita 180, yana ɗauke da kalori 163 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) da furotin giram 11.5. Kofin fresko mai girma ɗaya yana da kalori 59, dukkansu daga sukari, babu furotin ko ɗis. Daga 1971 aka riƙa zuba bitamin da sinadarin ƙarfe daidai wa daida a cikin abubuwan shan biyu. Aka kuma buɗe wurin shan magani kyauta a dukkan ƙauyukan huɗu, da allurar rigakafi da awon ciki, domin kada bambancin kulawar lafiya ya rikita lissafi.

Masu binciken sun ɗauki fresko a matsayin abin sha marar amfani, wanda aka tanada kawai don mutanen waɗancan garuruwa su ma su riƙa fitowa suna haɗuwa da ma'aikata kamar takwarorinsu. A nan suka yi kuskurensu na farko, kuskuren da ya zama ilimi. Da aka duba nauyin jarirai a ranar haihuwa, sai aka ga matan da suka sha abin da ya kai kalori 20,000 a tsawon goyon cikinsu, ko daga atole ko daga fresko, sun fi sauran haihuwar jarirai masu nauyi, kuma yawan haihuwar jariri marar nauyi a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Ashe ba furotin kaɗai matan suka rasa ba, abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. A daidai wannan lokaci ne, a 1974, wani masani mai suna Donald McLaren ya fito a mujallar likitoci ta Lancet ya ce an zuzuta batun furotin fiye da kima, an manta da cewa yaran duniya yunwa ce ke cin su.

Abin da ma'auni ya nuna

Ga yaran kansu kuwa, bambanci ya fito fili. Kafin a rufe ɗakunan, mummunar tsumburewa a garuruwan atole ta sauko zuwa kimanin kashi 20 cikin ɗari, alhali a garuruwan fresko tana nan kusan inda take. Yaro ɗan shekara uku a garin atole ya ɗara takwaransa na garin fresko da kimanin santimita biyu da rabi. Mutuwar jarirai ta ragu a ko'ina saboda magani da rigakafi, amma ta fi raguwa sosai a inda ake shan kunu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne lissafin da ya fito daga waccan takarda da ake rubuta ragowar kofi. Da aka jera abin da kowane yaro ya sha kusa da tsawon da ya ƙara, sai aka ga kowace kalori 100 da yaro ya samu a rana tana ƙara masa kusan milimita 9 a shekararsa ta farko, kimanin 5 a ta biyu, kimanin 4 a ta uku. Daga shekara uku zuwa bakwai kuwa babu wani ƙarin tsawo da aka iya jinginawa ga kunun, duk da cewa manyan yaran sun fi ƙananan iya shanye kofi. Kunun bai canza ba, mai damawa bai canza ba, shekarun mai sha ne kawai suka canza.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekaru biyu na farko jikin ɗan Adam yana girma da saurin da ba zai sake yin irinsa ba, kuma ƙwaƙwalwa tana kai kusan kashi 80 cikin ɗari na girmanta kafin yaro ya cika shekara uku. Wannan gini mai yawa yana buƙatar kayan aiki, amma ƙofar da kayan za su shiga 'yar ƙarama ce. Cikin jariri yana ɗaukar kimanin mililita 30 ne ga kowane kilo na nauyinsa, saboda haka yaro mai kilo takwas ba ya wuce kofi ɗaya da ɗan ɗori a zama guda, komai lallashin uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ke shan nono yana buƙatar ƙarin kalori 200 a rana daga wata shida zuwa takwas, 300 daga wata tara zuwa sha ɗaya, sannan 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Idan aka auna da kofunan Gwatemala, kalori 550 kusan kofi uku da rabi ne na atole, amma fiye da kofi tara ne na fresko, kuma babu yaro ɗan wata goma sha biyar da zai sha kofi tara a rana ya kuma sami wurin nono. Yaron zai ƙoshi, cikinsa zai cika, zai yi barci, uwarsa za ta yi zaton ta ciyar da shi, amma ruwa ne ya cika cikin.

A nan ne lamarin ya taɓo mu kai tsaye, domin abin da muke fara ba jarirai ɗan'uwan atole ne na jini. Kokon da ake tace gasara a dama, sannan a tsinka shi da ruwa har ya riƙa zuba kamar shayi don kada ya shaƙe yaro, ya fi kusa da fresko a kan atole, ko da kuwa launinsa na kunu ne. Na sha ganin uwa ta ɗora yaro a cinya, ta tallafo kansa, tana ɗura masa irin wannan koko da ludayi cikin haƙuri da ƙauna, kuma babu wanda zai kalle ta ya ce ta gaza a ƙoƙari. Abin da ke cikin ludayin ne bai kai ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, wato ya zarce rabin yaran yankin. Binciken ya kuma nuna kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla ba tare da ruwa ba. Alhali kunun gyaɗa mai kauri, ko garin gero da waken soya da gyaɗa da ake soyawa a niƙa tare, ba su da nisa da abin da aka dama a Conacaste, kuma ma'aikatan lafiya suna da gwaji mai sauƙi da suke koya wa iyaye: a ɗebo kunun a cokali a karkata shi, idan ya zube nan take to ya yi ruwa da yawa.

Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi shi ne ƙanƙantar abin da ya kawo wannan bambanci. Ƙananan yaran ba sa shan kofi da yawa, kuma wani ɓangare na abin da suka sha ya maye gurbin abincin gida ne. Bayan an cire wannan, ribar da yaro ɗan ƙasa da shekara uku ya samu a garin atole ba ta wuce kimanin kalori 100 da furotin giram 9 a rana ba, abin da bai fi ƙwai ɗaya da rabi ba. Sirrinsa shi ne yana zuwa kullum, kuma yana zuwa a kan kari.

Bayan an watse

A watan Fabrairun 1976 girgizar ƙasa ta kashe mutum kusan 23,000 a Gwatemala, kuma ƙasar tana cikin yaƙin basasa da bai ƙare ba sai 1996. Aikin ya tsaya a 1977, yaran suka ci gaba da rayuwarsu, wasu suka gaji gonakin iyayensu, wasu suka nufi babban birni neman aiki. A 1988 da 1989 wata tawaga ƙarƙashin Reynaldo Martorell, wanda ya yi aiki a binciken tun yana matashi, ta koma neman su. A lokacin suna tsakanin shekara 11 da 27. Waɗanda suka sha atole tun suna goye sun fi tsayi da tsoka, mazansu sun fi juriyar aikin ƙarfi idan aka auna iskar da jikinsu ke iya sarrafawa, kuma sun fi cin gwajin karatu da lissafi da sanin kalmomi. Ernesto Pollitt, wanda ya jagoranci ɓangaren gwajin basira, ya gano cewa 'ya'yan gidaje mafi talauci ne suka fi cin riba, har ta kai a garuruwan atole tazarar da ke tsakanin ɗan talaka da ɗan mai hali ta kusa shafewa a wasu gwaje-gwajen, alhali a garuruwan fresko tana nan daram.

Komawa ta gaba, daga 2002 zuwa 2004, ita ce ta fitar da sunan binciken daga hannun likitoci zuwa teburin ministocin kuɗi. Daga cikin yara 2,392 na asali, kimanin kashi 11 cikin ɗari sun rasu, yawancinsu tun suna ƙanana, kashi 7 sun bar ƙasar, wasu kuma ba a gano inda suke ba. Mutum 1,855 ne ke raye a cikin Gwatemala, kuma aka bi su gida gida, har waɗanda suka koma birni, aka tambaye su aikin da suke yi da abin da suke samu. Sakamakon da John Hoddinott da abokan aikinsa suka wallafa a Lancet a 2008, wanda ya shafi mutum 1,424 masu shekara 25 zuwa 42, ya nuna mazan da suka sami atole tsakanin haihuwa da shekara biyu suna samun ƙarin senti 67 na dalar Amurka a kowace awa ta aiki, wato ƙarin kashi 46 cikin ɗari a kan matsakaicin abin da ake biya. Mazan da kunun ya riske su bayan sun wuce shekara uku ba su sami wannan ƙari ba. Tsarin da aka gani a tsayin yara 'yan shekara uku shi ne ya sake bayyana a aljihun magidanta bayan shekara talatin.

Ba a ga ƙarin albashi ga mata ba, kuma bai kamata a karanta wannan a matsayin cewa kunun bai amfane su ba. Yawancin matan waɗannan ƙauyuka aikin gida da ƙananan sana'o'i suke yi, aikin da ba a biyan sa da awa, saboda haka ma'aunin da aka yi amfani da shi bai iya kama su ba. Ribarsu ta fito ta wasu ƙofofi. Matan da suka sha atole suna ƙanana sun yi ƙarin aji ɗaya da ɗoriya a makaranta, kuma su da mazan duka sun fi fahimtar abin da suka karanta. Da suka zama iyaye kuma, jariran da suka haifa sun fi na takwarorinsu nauyi da sama da giram 100, suka kuma tashi sun fi tsayi, duk da cewa su jikokin binciken ba su taɓa ganin ɗakin rabon kunu ba. A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a cikin aikin baki ɗaya, domin yana nuna cewa yarinyar da aka ciyar da kyau kafin a yaye ta tana ɗauke da wani kaso na lafiyar ɗan da za ta haifa bayan shekara ashirin.

Labarin bai tsaya a kan alheri zalla ba. Tsakanin 2015 da 2017 aka sake tara sama da mutum 1,100 daga cikinsu, suna tsakanin shekara 37 da 54, aka auna jininsu da ƙugunsu. Waɗanda suka sami atole tun daga ciki har zuwa shekara biyu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kusan rabi, abin da ya dace da tunanin cewa gaɓoɓin da ke sarrafa sukari a jiki su ma a farkon rayuwa ake gina su. Amma kuma sun fi sauran ƙiba da tara kitse. Ba a 1970 suka tara wannan kitse ba. Sun girma ne a ƙasar da lemon kwalba da kayan fulawa da man suya suka cika shagunan ƙauye, aikin gona kuma ya ragu, kuma ciyarwa mai kyau a jarirantaka ba ta zama garkuwa daga wannan sauyi ba. Da aka haɗa bayanan Gwatemala da na wasu bincike huɗu masu dogon zango daga Brazil da Indiya da Filifin da Afirka ta Kudu, sai hoton ya ƙara fitowa: ƙarin tsawo a shekaru biyu na farko yana tafiya tare da ƙarin karatu da tsayi a girma, amma saurin ƙara nauyi bayan yaro ya wuce wannan shekaru yana tafiya ne tare da ƙiba da hawan jini. Ke nan ƙoƙarin ɗura wa tsumburarren yaro ɗan shekara biyar abinci don ya kamo tsararsa zai iya sa shi ya yi faɗi ba tare da ya yi tsawo ba.

Inda binciken ya yi rauni

Duk wanda ya ɗauki wannan aiki da muhimmanci dole ya faɗi rauninsa. Ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, ba yara ɗaiɗai ba, kuma ƙauyuka huɗu adadi ne ƙarami ƙwarai. Idan ɗaya ya sami hanyar mota ko makaranta mai kyau ko masana'anta a kusa, wannan kaɗai zai iya karkatar da lissafin albashi. Abin da ya ceci binciken shi ne cewa a cikin kowane gari akwai yaran da kunun ya riska a shekaru dabam dabam, gwargwadon shekarar haihuwarsu tsakanin 1962 da 1977. Yaron da aka haifa a Conacaste a 1963 da wanda aka haifa a can a 1971 hanya ɗaya suka taka, makaranta ɗaya suka shiga, amma ɗaya ya fara shan atole yana ɗan shekara shida, ɗayan tun yana cikin uwarsa. Bambancin da ke tsakaninsu, idan aka gwada shi da na takwarorinsu a garin fresko, shi ne ginshiƙin hujjar, kuma hanya ko makaranta ba za ta iya bayyana dalilin da ya sa ribar ke tsayawa cak a shekara uku ba. Duk da haka, adadi irin kashi 46 ba abu ne da za a ɗauka a ɗora wa kowace ƙasa ba, musamman da yake kusan kashi 40 cikin ɗari na yaran asali ba su shiga lissafin albashin ba.

Akwai kuma tambayar da ke damun zuciya. Shekara takwas ana auna yaran Santo Domingo da Espíritu Santo ana ganin sun tsaya a inda suke, ana miƙa musu ruwan sukari. Gaskiya ne sun sami magani da rigakafin da maƙwabtansu ba su samu ba, kuma a 1969 ba a san amsar da aka sani yau ba, amma da wuya wani kwamitin kula da haƙƙin mutane a bincike ya amince da irin wannan tsari a yanzu. Saboda haka ba za a sake yin irinsa ba, kuma ilimin da duniya ke amfani da shi a yau wani ɓangarensa bashi ne da ta ci daga waɗancan yara.

Ya kamata kuma a kiyaye kada a karanta sakamakon a baibai. Atole bai zo don ya maye gurbin nono ba, ya hau kansa ne, a cikin al'ummar da ke shayarwa mai tsawo, kuma uwar ma tana shan nata kofin tun tana da ciki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 2001 ita ce a ba jariri nono zalla wata shida, sannan a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, wa'adin da Musulmi suka riga suka sani daga aya ta 233 ta Suratul Baƙara.

Daga wannan bincike da 'yan'uwansa aka ciro lissafin da ake kira kwanaki dubu na farko, wato kwana 270 na goyon ciki da kwana 730 na shekaru biyu. A watan Satumbar 2010 Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, da takwaranta na Ireland Micheál Martin suka ƙaddamar da gangami da wannan suna a birnin New York, kuma a 2011 Najeriya da Nijar duka suka shiga ƙawancen ƙasashe masu yaƙi da tamowa da aka kafa a 2010.

A Gwatemala kanta, Incaparina ya zama hajar kasuwa da kowa ya sani, ana sayar da shi a fakiti a manyan kantuna da ƙananan shaguna. Amma binciken lafiya na ƙasar na 2014 zuwa 2015 ya sami kashi 46.5 cikin ɗari na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, adadi mafi yawa a yankin Latin Amurka, kuma a wasu lardunan tsaunuka da 'yan asalin ƙabilun Maya suka fi yawa ya kusa kashi 70. Garin Incaparina yana nan a kan kantar shago da farashinsa a jiki, ɗakunan da ake dama shi a miƙa kyauta sau biyu a rana kuwa an rufe su tun 1977.